Horon sanin makamar aiki a ƙungiyar kare haƙƙin naƙasassu, babu ko sisi: in karɓa ko in haƙura?

Ɗalibar_Shari'a
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya. Watannin baya na nemi gurbin horon sanin makamar aiki a wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa da ƙasa, a sashen da ke kula da haƙƙin naƙasassu. Jiya saƙo ya iso cewa sun ɗauke ni na wata huɗu. Da na kai ƙasan takardar sai murna ta koma ciki: babu albashi, babu alawus, sai dai sun ce in na ga dama in yi aikin daga gida ta intanet.

Abu biyu ke damuna. Na farko, aikin da ba a biya ya kai in ba shi wata huɗu? Na biyu, kuma shi ya fi ci min rai: ni lafiyata ƙalau, ba ni da wata naƙasa. Ƙanena ne kurma, saboda shi na faɗo wannan fanni. Anya ban tare wa wani mai naƙasa gurbinsa ba? Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku haska min.

Mai_Keke
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a shiga tambayarki bari in ɗan ja miki kunne, da kyakkyawar niyya. Ni ma lafiyata ƙalau. Na daɗe a kan keken guragu, amma na manta rabona da kwanciya a asibiti. Wannan ne darasin farko da za ki tarar idan kin fara aikin: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006 ta kuma fara aiki a watan Mayun 2008, ba ta ɗauki naƙasa a matsayin ciwon da ke jikin mutum kaɗai ba. Tana kallon abin da ke faruwa ne idan jikin ya haɗu da shingen da jama'a suka gina. Ƙafafuna ba su taɓa hana ni shiga kotu ba, matakalar bakin ƙofa ce ke hana ni.

Ɗalibar_Shari'a
Na karɓi gyara, yaya. Kun ga tun ban fara ba na fara koyo.

Sarkin_Musu
Ni dai shawarata kada ki karɓa. Wanzami ba ya son jarfa. Sashe na 27 na yarjejeniyar da Mai_Keke ya ambata yana magana a kan haƙƙin aiki da biyan daidai da aikin da aka yi. Waɗannan ƙungiyoyi kullum suna tsare gwamnatoci da wannan sashe, sannan su juya su sa matasa aiki kyauta. Wa zai iya zama wata huɗu a Geneva ko New York ba ya samun ko kwabo? Sai ɗan masu hali. Kun manta matashin nan ɗan New Zealand da ya kwana a tanti a bakin tafkin Geneva a 2015, yana horo a Majalisar Ɗinkin Duniya?

Gaskiya_Ɗaya
Malam Sarkin_Musu, a ƙarasa labarin mana. Daga baya yaron da kansa ya amsa cewa da gangan ya shirya abin don ya jawo hankalin duniya. Hakan bai ƙaryata matsalar ba, ina tare da kai a nan. Amma ita ba Geneva aka ce ta je ba, daga gida za ta yi.

Alƙalami_Ja
Na yi irin wannan horon, wata shida, don haka bari in faɗa miki abin da za ki yi ainihi, kada ki shiga da tunanin za a ba ki lasifika ki yi jawabi a zauren taro.

Duk ƙasar da ta shiga yarjejeniyar sai ta kai rahoto gaban wani kwamitin ƙwararru 18 da ke zama a Geneva: na farko cikin shekara biyu, sannan bayan kowace shekara huɗu. Gwamnati kuwa ba ta rubuta laifinta da hannunta. Shi ya sa ƙungiyoyi ke rubuta nasu, wanda ake kira rahoton inuwa saboda yana bin na gwamnati sau da ƙafa. Nan ne ɗalibai ke shan aiki. Aka miƙa min rahoton wata ƙasa, shafuka barkatai, aka ce duk inda suka ce sun yi abu in nemo shaida. Sun ce akwai dokar da ta ba yara masu naƙasa damar shiga makaranta ɗaya da sauran yara. Dokar na nan, ba ƙarya. Sai na shiga kasafin kuɗin ma'aikatar ilimi na shekara uku a jere, na tarar kuɗin duk makarantun da aka ware wa yara masu naƙasa su kaɗai ake zuba wa. Kwana tara na yi a kan wannan, kuma a ƙarshe abin da ya shiga rahotonmu bai wuce layi biyar ba. Amma da kwamitin ya fitar da jerin tambayoyinsa ga ƙasar, sai ga tambayar kasafin a ciki. Ba zan rantse daga wurinmu suka ɗauka ba, wasu ƙungiyoyin ma sun aika nasu. Duk da haka ranar ban iya zama wuri ɗaya ba.

Sauran aikin kuwa: duba bayanan ƙasan shafi ko sun yi daidai, juya hirar da aka naɗa zuwa rubutu, taƙaita hukuncin kotu, gyara jerin adireshi. Rabi akwai gundura, kada wani ya ruɗe ki. Sai dai babu ajin da ya koya min bambancin abin da doka ta faɗa da abin da aka sa wa kuɗi kamar waɗancan kwanaki tara.

Makaho_Mai_Gani
Tambayarki ta biyu tawa ce, 'yar'uwa, bari in amsa.

Ba ke kika tare min gurbi ba. Fom ɗin ne ya tare min. Shekara biyu da suka wuce na nemi irin wannan horo a wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Ina amfani da manhajar NVDA, wadda ke karanta min abin da ke kan allo. Na cike komai, na zo ƙarshe, sai aka ce in zaɓi hotunan da ke ɗauke da fitilar kan hanya don a tabbatar ni mutum ne. Na nemi maɓallin saurare, bai yi aiki ba. Sai da na jira abokina ya dawo da yamma. Aka kira ni gwaji, aka aiko da takardun da zan karanta: hoton shafuka ne aka ɗauka aka haɗa, manhajata ba ta ganin ko harafi ɗaya a ciki. Na rubuta musu, suka ba da haƙuri sosai, suka ce ba su taɓa lura ba. Wannan "ba mu taɓa lura ba" ɗin ita ta gaya min makafi nawa suka taɓa zama a ofishin.

Don haka in kin ƙi karɓa, kada ki ɗauka ni za a kira. Wani mai ido za a kira, watakila ma wanda bai taɓa yi wa kansa tambayar da kika yi ba. Ki shiga, ki tambaye su ɗalibai masu naƙasa nawa suka ɗauka cikin shekara biyar. Ki duba fom ɗinsu. Duk takardar da za ta fita ta hannunki ki tabbatar manhaja na iya karanta ta, hotuna kuma ki sa musu bayani a rubuce.

Uwar_Biyu
Ku gafarce ni, ni kalmar "naƙasassu" ɗin nan da kuke ta maimaitawa tana min nauyi a baki. Ba "masu buƙata ta musamman" ake cewa yanzu ba? Ɗana na da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ban taɓa iya kiransa naƙasasshe ba.

Mai_Keke
Hajiya, ki kira ɗanki da sunan da zuciyarki ta natsu da shi, ba mai ja da ke. Ni dai a karan kaina ban ga abin musamman a buƙatata ba. Ina so in shiga banɗaki, in hau mota, in je aiki. Kowa ma haka yake so. Idan aka ce "ta musamman" sai ya zama kamar alfarma ake yi min, alhali haƙƙi ne. Yarjejeniyar ma "mutane masu naƙasa" ta ce, ta fara da mutum.

Hannu_Ke_Magana
Ni kurma ne kuma ina son sunan. Ba na jin kunyarsa.

Ɗalibar_Shari'a, tunda ƙaninki kurma ne kin riga su da abu guda: kin san maganar hannu harshe ne cikakke, kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya. Kurman Ingila da na Amurka ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da masu ji a ƙasashen biyu Turanci suke yi. Da yawa daga ma'aikatan manyan ƙungiyoyi ba su san wannan ba, duk da Tarayyar Kurame ta Duniya tana nan tun 1951.

A kan kuɗi kuma, ku lissafa da mu. Idan mai ji ya yi horo kyauta, lokacinsa ya bayar. Idan ni na yi, sai an samo mai fassara a kowane taro. In ƙungiyar ba ta biya ba, daga aljihuna ne. Inda na yi nawa cewa suka yi in dogara da rubutun da kwamfuta ke fitarwa da kanta a ƙasan allo. Da mutum uku sun fara magana lokaci guda sai rubutun ya zama shirme. Haka na yi wata uku ina gyaɗa kai.

Sarkin_Musu
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Horon kyauta talaka yake tacewa, kuma mai naƙasa ya fi kowa faɗawa cikin matatar, don rayuwarsa ta fi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3 ne ke da naƙasa, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya. Ku leƙa ofisoshin nan ku ƙirga.

Tsohon_Ma'aikaci
Na shekara bakwai ina kula da ɗalibai masu horo a wata ƙungiya irin wannan, don haka bari in yi magana daga ɗaya gefen teburin, ba don in wanke kowa ba.

Yawancin kuɗin da ke shigowa ɗaurarre ne. Mai ba da tallafi zai ce wannan na bincike ne a ƙasa kaza, wannan na buga rahoto ne. Alawus ɗin ɗalibi da kuɗin mai fassara sai an rubuta su a kasafi tun lokacin neman tallafin, kuma mu ne ba mu rubutawa. Shekarar da muka rubuta, ba wanda ya ce a cire. Ashe dama sakacinmu ne. Hannu_Ke_Magana, abin da aka yi maka yana da suna a sashe na 2 na yarjejeniyar: ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace da buƙatarsa, matuƙar bai zama nauyin da ya wuce kima ba, nuna wariya ne. Laifi tudu ne.

Sannan 'yata, ki san irin ƙungiyar da za ki shiga, don ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda masu naƙasa ne da kansu ke jagorancinsu, irin waɗanda suka haɗu suka kafa International Disability Alliance a 1999. Akwai kuma masu aiki a kan batun. Disability Rights International, wadda Eric Rosenthal ya kafa a Washington a 1993, ta yi suna wajen shiga gidajen da ake killace yara da manya tana fito da abin da ke faruwa ciki. Human Rights Watch ta buɗe sashen haƙƙin naƙasassu a 2013, bincike da rahoto ne ƙarfinta. Validity da ke Budapest ta fi karkata ga kai ƙara kotu. Ke mai karatun lauya, abin da za ki koya a kowacce daban ne.

Taken wannan gwagwarmaya shi ne kada a yanke komai a kanmu ba tare da mu ba, kuma sashe na 4 ya wajabta wa gwamnatoci tuntuɓar ƙungiyoyin masu naƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bai kore ki daga ɗakin ba. Ɗaliban da suka ba ni wahala ba marasa naƙasa ba ne, masu zuwa da niyyar ceto ne, waɗanda za ka ga suna ƙarasa wa mai in'ina jimlarsa.

Tauraruwa_92
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ki tambaye su wane irin abu za ki riƙa karantawa.

Ni aikina juya hirarraki ne zuwa rubutu, na mutanen da aka ɗaure da mari saboda lalurar ƙwaƙwalwa. Wanda bai san girman abin ba ya tuna cewa Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Oktoban 2020 ta ce ta samu shaidar ana yin haka a ƙasashe 60. Karanta adadi daban, sa na'ura a kunne kana jin muryar mutum yana ƙirga shekarun da ya yi a ɗaure kuma daban. Sai ka mayar baya ka sake ji, don kada ka kuskure kalma. Kuma daga gida nake yi, ni kaɗai a ɗaki. Wanda ke ofis zai iya juyawa ya ce wa na kusa da shi "ka ji wannan?" Ni sai in rufe kwamfuta in zauna shiru. Sati na biyar barci ya ƙaurace min.

Ban ce kada ki yi ba. Amma ki nemi a sa miki ranar ganawa da mai kula da ke kowane mako, a rubuce. Kuma abin da kika ji amana ce. An koya mana canza sunaye, da cire duk abin da zai sa a gane mutum, don wanda ya ba da labarin yana iya kasancewa har yanzu a hannun waɗanda ya yi magana a kansu. Kada ko da wasa ki ba ƙawa labarin.

Gaskiya_Ɗaya
Allah Ya saka, Tauraruwa. Wannan ya fi maganar kuɗin muhimmanci a wurina.

Alƙalami_Ja
Ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba, ga shari'o'i uku da ya kamata ki sani. Purohit da Moore a kan Gambiya, gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka a 2003, kan tsohuwar dokar tsare masu taɓin hankali. Ximenes Lopes a kan Brazil a 2006, mutumin da ya mutu a asibitin ƙwaƙwalwa. Sai Stanev a kan Bulgeriya a 2012, inda Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce ajiye mutum a gidan kulawa ba da yardarsa ba, bisa sa hannun waliyyinsa, tsarewa ce. Daga nan za ki gane me ya sa sashe na 12 na yarjejeniyar, mai magana kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara a gaban doka, ya fi kowanne jawo gardama. Kwamitin ya ce a daina naɗa wa mutum wanda zai yanke shawara a madadinsa, a koma tallafa masa ya yanke da kansa. Peru ta gyara dokarta a kan haka a 2018, Kolombiya a 2019.

Uwar_Biyu
To nan fa ni na tsaya. Ɗana ya wuce shekara ashirin, bai san bambancin babbar takardar kuɗi da ƙarama ba. A ce ba ni da ikon sa hannu a madadinsa? Gobe wani ya lallaɓe shi ya dangwala a takarda ya raba shi da abin da na tara masa, wa zai tsaya? Masu rubuta waɗannan abubuwa sun taɓa kwana da irin ɗana kuwa?

Tsohon_Ma'aikaci
Hajiya, tsoronki na da tushe, kuma likitoci da lauyoyi da dama sun yi irin wannan ƙorafi tun da kwamitin ya fitar da bayaninsa a 2014. Sashen kansa ya ce dole a sa matakan kariya daga cuta da yaudara. Abin da ake gudu shi ne ɗaya ɓangaren: mutumin da sa hannun ɗan'uwa guda ya raba shi da gidansa da 'yancin aure da ƙuri'arsa, ba tare da alƙali ya ko ga fuskarsa ba. Ba kowa ke da uwa irinki ba. Yadda za a haɗa biyun ga wanda buƙatarsa ta yi nauyi ƙwarai, har yau ana ta fama.

Uwar_Biyu
Na ji. Ban gamsu duka ba, amma na ji. In yarinyar nan ta shiga, ta riƙa tuna musu akwai iyaye.

Makaho_Mai_Gani
Ta tuna musu akwai iyaye, ta kuma tuna cewa ɗan Hajiya na da abin da yake so da wanda ba ya so, ko da bai iya lissafi ba.

Sarkin_Musu
Wani abin dariyar ma, manyan ofisoshin da yawa a Amurka suke, ƙasar da ta rattaba hannu a 2009 amma majalisar dattawanta ta kasa tabbatar da yarjejeniyar a Disamban 2012. Ƙuri'a 61 da 38, ba su kai kashi biyu cikin uku ba. Daga can ake koya wa duniya.

Mai_Keke
Gaskiya ne, amma kada ka haɗa gwamnati da mutanenta. Naƙasassun can ne suka mamaye ginin gwamnati a San Francisco a 1977, su Judy Heumann, suka yi kusan wata guda ba su fita ba sai da aka sa hannu a ƙa'idojin da suke nema. Daga irin wannan aka kai ga dokarsu ta kare haƙƙin naƙasassu ta 1990. Ba a ofis aka fara ba, kuma ba wanda ya biya su alawus.

Sarkin_Musu
Su don kansu suka yi, ba don su cika wa wata ƙungiya rahoto ba. Da bambanci.

Ɗalibar_Shari'a
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Daren jiya na rubuta musu. Na tambayi ko akwai wani tallafi ko na kuɗin intanet ne, wa zai kula da ni, sau nawa za mu riƙa ganawa, wane irin takardu zan karanta, sannan na sa tambayar Makaho_Mai_Gani. Sun amsa da safen nan. Alawus dai babu a bana. Sun yarda in rage zuwa kwana uku a mako don in ci gaba da ɗan aikin da nake yi. Za a haɗa ni da lauyar da ke shirya rahoton inuwa kan ilimin yara kurame, ganawa duk Talata. Tambaya ta ƙarshe kuwa suka ce za su bincika su dawo gare ni.

Na nuna wa ƙanena wannan zaren. Da ya kai wurin Hannu_Ke_Magana yana gyaɗa kai wata uku sai ya yi dariya, ya ce shi shekara shida ya yi yana yi a makaranta. Har yanzu ban ba su amsa ba, sun ba ni zuwa Juma'a.

Hannu_Ke_Magana
Ki gaida min shi. Kuma ki tambayi lauyar ko akwai kurma ko ɗaya cikin masu rubuta rahoton.

Sarkin_Musu
"Za mu bincika mu dawo gare ki." In da adadin mai daɗin faɗa ne da tuni sun faɗa. Ni ina nan a kan bakana.

Alƙalami_Ja
Kwana uku a mako ba laifi. Abu ɗaya kafin Juma'a: ki tambaya ko jami'arku za ta lissafa miki horon cikin makin karatu, wasu na yi amma sai an cike takarda kafin a fara, ba bayan an gama ba. Ni ban sani ba sai da na kammala.